Neman shawara: ciwon ƙugu da ɗaurewar jijiya bayan aikin rage tumbi

Maman Biyu, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu ilimin lafiya ku agaza mini. Yayata ce anka yi ma aikin rage ƙiba bara a ƙasar waje, irin wanda ake mayar da tumbi ɗan mitsitsi a karkatar da hanji. Alhamdulillahi jiki ya zube, sukarinta ya sauka. To amma 'yan watannin nan ba ta da sukuni. Ƙugu da cinyoyi kullum ciwo, in ta yi sujada sai ta dafa bango ta miƙe, dare na yi sha-raɓarta ta ɗaure. Magungunan da ta taho da su sun ƙare, yanzu kalsiyam take saye a kemis, ta haɗa da na ƙarin jini ta haɗiye da safe. Mun auna kalsiyam na jini anka ce lafiya lau. Maigidanta ya ce sanyi ne, wata maƙwabciya ta ce rashin bitamin D. Mi kuke gani?

Inna ta Runjin Sambo: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi ba ta lafiya. Amma bitamin ɗin ga ba daga rana aka samunai ba? A Sakkwato za a ce mutum ya rasa rana? Ni dai sanyi nika gani. A riƙa gasa mata da ruwan zafi, ta yawaita nono da miyar kuka.

Anti Nas, Arkilla: Inna ki gafarce ni, rana tana waje, mu muna ɗaka. Wace mace ke zama tsakar gida da rana tsaka a watan Afrilu? In mun fita kuma daga hijabi sai mota. Ga shi baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta samar da bitamin D. Masu ƙiba ma da yawa da ƙarancinsa suke shiga aikin tun farko.

Maman Biyu, kada takardar gwajin nan ta kwantar muku da hankali. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, ɗan abin da ke yawo a jini kuwa jiki ba ya yarda ya yi ƙasa, don da shi zuciya da jijiyoyi ke aiki. Akwai wasu 'yan ƙululai huɗu a wuya masu fitar da sinadarin PTH. Da zarar hanji ya kasa kawo kalsiyam, sai PTH ya tashi ya riƙa yagowa daga ƙashi yana zubawa a jini. Kamar gidan da tukunya ba ta fasa hawa wuta ba, alhali rumbu ake ta ɗiba ba a mayarwa. Shi ya sa jini zai nuna daidai alhali ƙashi na lalacewa.

Dalili kuwa, bakin ƙaramin hanji, wanda ke biye da tumbi, nan ne aka fi tsotse kalsiyam, kuma nan ne abinci ya daina bi bayan irin aikin da anka yi mata. Bitamin D shi kuma da maiƙo yake shiga jiki, yanzu abinci ba ya gamuwa da ruwan matsarmama sai can ƙasa. In babu shi, ko kalsiyam ɗin ya zo ba ya shiga sosai. Wahalar miƙewa daga zaune ɗin nan ta yi kama da ƙarancinsa ƙwarai, amma likita ne zai tabbatar. Ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da duk takardun aikin, ku nemi a auna bitamin D, PTH, ALP (sinadarin da ke nuna halin da ƙashi ke ciki), magnesiyam da lafiyar ƙoda. Ana son bitamin D ya kai 30 ng/mL ko ya haura.

Maman Biyu, Mabera: Ikon Allah. To Anti, wanda take sha ɗin fa, a bari?

Anti Nas, Arkilla: Ki ɗauko kwalin ki duba. Galibin na kemis calcium carbonate ne, shi kuma sai da ruwan tsamin ciki yake narkewa, abin da ɗan tumbinta ba ya da shi sosai, balle in tana shan omeprazole, maganin rage tsamin ciki. Calcium citrate ake so, duk da ya fi tsada ya fi wuyar samu. Ƙa'idar da likitocin wannan aiki ke bi ita ce miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba kashi biyu ko uku, don hanji ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a tashi ɗaya. Ki lura da inda aka rubuta ainihin kalsiyam ɗin da ke cikin ƙwaya, ba nauyin ƙwayar ba. Bitamin D3 kuma ana farawa da 3,000 IU kullum, wani sai likita ya ƙara masa. Na ƙarin jinin ta raba shi da kalsiyam da aƙalla awa 2, suna hana juna shiga. Wannan shan na tsawon rai ne, ba na wata shida ba.

Hajiya Ƙarama, Gawon Nama: Ni aikin yanke tumbi anka yi mini, ba a taɓa hanji ba, amma ni ma likitana bai ɗauke mini shan kalsiyam ba. Ƙwayar katuwa ce, ranar farko tsaye ta yi mini a ƙirji, sai na koma wa ta taunawa. Abin da nake son ƙarawa shi ne maganin ciwon jiki. Na san halinmu, ƙugu na ciwo sai a aika yaro ya sayo diclofenac ko ibuprofen. Don Allah kada ta kusance su, suna jawo gyambo a wurin ɗinkin. Sannan ta yawaita ruwa, kurɓi-kurɓi duk yini. Masu irin aikinta sun fi kamuwa da tsakuwar ƙoda, ga zafin garin nan. Shan kalsiyam ɗin lokacin cin abinci yana rage wannan.

Inna ta Runjin Sambo: To ni nonon nawa da kukar an yar ke nan?

Anti Nas, Arkilla: Haba Inna, wa ya isa! Kindirmo, kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, duk suna da kalsiyam, ta ci. Sai dai mai ƙoshi da loma huɗu ba za ta haɗa na yini daga kwano ba. Kindirmon ma ban da sukari, don sukarin yana sa masu aikin nan jiri da zufa da gudawa.

Maman Biyu, in kun ji ta ce leɓɓanta ko yatsunta na mata sagewa kamar ana tsira allura, ko hannu ya ƙanƙame ya ƙi buɗewa, kada ku jira ranar ganin likita, ku wuce ɓangaren gaggawa ko da tsakar dare ne.

Maman Biyu, Mabera: Na duba kwalin, carbonate ɗin ne kuwa. Gobe in sha Allahu za mu tafi asibiti. Kafin mu samu ɗayan ta dakata da wannan?

Anti Nas, Arkilla: A'a, ta ci gaba da shi, amma a tsakiyar cin abinci, rabi da rana rabi da dare. Na ƙarin jinin ta bar shi shi kaɗai da safe, kuma ba da shayi ba. Ku tafi da kwalayen duka likita ya gani.