Neman kalma: me za mu kira aikin sab-edita da Hausa?

Ɗalibar jarida: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana harshe da tsofaffin 'yan jarida ku taimaka mana. Wannan zangon muna yin darasin da ake koya mana yadda ake karɓar ɗanyen labari daga hannun wakili a mayar da shi abin da za a iya bugawa, aikin da a Ingila suke kiran mai yinsa sub-editor, a Amurka kuma copy editor. Mu dai a aji sab kawai muke cewa, "ka yi sab ɗin labarin?" "ba a yi masa sab ba", kuma wallahi abin yana damuna don yawancinmu a jaridun Hausa da gidajen rediyo muke fatan yin aiki, bai kamata a ce aikin da za mu ci abinci da shi ba mu da sunansa a bakinmu ba.

Kada wani ya ce min edita, edita daban. Edita shi ne mai gidan, shi ke cewa wannan labarin ya hau shafin farko wancan a ajiye shi, shi ake nema in an kai ƙara. Kalmar ta zauna tuntuni, tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar, ba mai taɓa ta. Wanda nake nufi shi ne wanda ke zaune a tebur labarai na wucewa ta hannunsa ɗaya bayan ɗaya, sunansa ba ya fitowa a saman labari amma in aka samu kuskure shi za a fara tambaya.

Bari in nuna muku aikin da kansa don a gane abin da nake so kalmar ta ɗauka. Wakili ya turo: "A jiya Talata da misalin ƙarfe goma na safe shugaban ƙungiyar malaman firamare ya kira taron manema labarai a ofishinsa inda bayan ya yi godiya ga waɗanda suka halarta tare da jinjina wa mambobinsa bisa haƙurin da suka yi ya bayyana cewa za su tsunduma yajin aiki daga ranar Litinin saboda rashin biyan albashi." To labarin yana can ƙarshen jimla a binne, sai mai karatu ya wuce ƙarfe goma da ofis da godiya kafin ya iske shi. Mai wannan aikin sai ya juya shi: "Malaman firamare za su fara yajin aiki ranar Litinin kan rashin biyansu albashi, in ji shugaban ƙungiyarsu." Sannan ya kira wakilin ya tambaye shi albashin wata nawa ne, sunan shugaban haka ake rubuta shi, an ji ta bakin hukumar da ake zargi ko ba a ji ba. Sannan ya yanke don ya shiga filin da aka ba shi, ya rubuta kanu, ya rubuta bayanin ƙasan hoto. Duk wannan kalma ɗaya nake nema masa.

Ɗan aji huɗu: Ƙanwata ai gyara ne kawai, mai gyaran labari, me ye na wahalar da kai

Ɗalibar jarida: Yaya na yi tunanin gyara amma ta yi faɗi kuma ta yi sauƙi. In ka ce wa mutum aikina gyaran labari zai ɗauka waƙafi da aya kake sakawa, ko ka mayar da "yace" zuwa "ya ce", ko ka sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu. Wannan ma aiki ne babba ba na raina shi, wanda ya taɓa ganin an rubuta "baki" a inda ake nufin "baƙi" ko "kasa" a madadin "ƙasa" a kanun labari ya san ba wasa ba ne, amma wannan shi ne matakin ƙarshe. Sannan akwai wata matsala, a jarida in aka ce "gyara" akwai abin da ake nufi, wato 'yar sanarwar da ake bugawa bayan an yi kuskure a fitowar baya. In muka ba kalmar aiki biyu a ɗakin labarai ɗaya rikici za a yi.

Tsohon edita: 'Yata sannu da ƙoƙari, tambayarki ta yi. Mu dai tace labari muke cewa, mai aikin kuma mai tace labarai, kuma haka za ki ji a gidajen rediyo da yawa. Ki duba yadda ake tace ruwa, ba a ƙara masa komai daga waje, dattin ake tsarewa a bar mai kyau ya wuce. Haka aikin yake, ba ki da ikon sa wa wakili abin da bai gani ba, ko sa wa wanda aka yi hira da shi maganar da bai faɗa ba, naki shi ne ki tsare abin da bai kamata ya kai ga mai karatu ba. Kuma mafi haɗarin abin da ake tsarewa ba kuskuren rubutu ba ne. Wakili zai rubuto "an kama ɓarawon da ya fasa shago", alhali kotu ba ta yanke hukunci ba, in kika bari ya fita haka kin ɓata wa mutum suna kuma kin jawo wa jarida shari'a. Sai ki mayar da shi "wanda ake zargi da fasa shago". Ko ya rubuto mutum 12 sun rasu a sakin layi na farko, can ƙasa kuma ya ce 15, to dole ki tsaya sai kin san wanne ne kuma wa ya faɗa, 'yan sanda ko asibiti ko shaidar gani da ido.

Ɗalibar jarida: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Abu biyu ne suka sa na yi jinkiri a kan tacewa. Na farko yanzu in ka ce tace, tunanin mutane da yawa hukumar tace fina-finai yake tafiya, wato a hana wani abu fita, kuma ɗan jarida ba ya son a haɗa aikinsa da wannan ko kusa. Na biyu misalin da na kawo a sama ai ba cirewa kaɗai na yi ba, juya labarin na yi ƙasa ta koma sama. An koya mana tsarin nan na dala a kife, mafi muhimmanci a farko, wa ya yi me, a ina, yaushe, don me, ta yaya, sauran bayanai su biyo baya gwargwadon nauyinsu, salon da ya yi ƙarfi a Amurka a ƙarni na 19 zamanin da ake aika labari ta tangaraho, kuma amfaninsa shi ne in fili ya ƙare sai a datse daga ƙasa ba tare da an rasa zuciyar labarin ba. Shin tacewa ta ɗauki wannan sake ginin?

Ɗan aji huɗu: To tankaɗe da rairaya fa? ko tsefe labari

Tsohon edita: Ɗana tankaɗe da rairaya magana ce mai daɗi amma ta riga ta tafi wajen tantance mutane da bincike, kuma ba za ka tsaya ana saura minti goma a rufe shafi kana cewa a yi wa labarin nan tankaɗe da rairaya ba. Tsefewa kuwa warwarewa ce, sharhi ake tsefewa, mu kuma ɗaurewa muke yi. Kalmar ɗakin labarai dole ta zama gajera da za a iya kiran mutum da ita daga wancan tebur, "an tace?" "ban tace ba tukuna", kuma ta ba da sauran 'ya'yanta ba wahala, tacewa, matacin labarai, tataccen labari. 'Yata batun juya labari da kika kawo gaskiya ne kalmar ba ta faɗe shi da bakinta ba, amma kalmar Turawan ma ba ta faɗe shi ba, aikin ne ya cika ta da ma'ana a hankali. Batun hana labari fita kuwa ai muna da sunansa, danne labari ake cewa, ko sa wa 'yan jarida takunkumi, kada mu sakar wa masu tace fina-finai kalmarmu don sun are ta.

Ɗalibar jarida: Tataccen labari ta shige ni Baba, don tana da kishiya a shirye, ɗanyen labari, wanda ya fito daga hannun wakili kenan, kuma ba wata kalma cikin waɗanda aka kawo da ta ba mu wannan. Na karɓa. Sai dai matacin labarai a kunnena ta fi kama da kayan aiki ko wurin da ake yi, ni zan tsaya a mai tace labarai, jam'i masu tace labarai, teburinsu kuma teburin tacewa. Karatun da ake yi bayan an tsara shafi don farautar harafin da ya faɗi ko layin da ya maimaitu, wannan zan riƙa kiransa duban ƙarshe don kada ya cakuɗe da tacewa, in akwai mai sunan da ya fi wannan ya kawo.

Tsohon edita: Duban ƙarshe ta yi, sai dai ki tabbata ba wanda ya tace labarin ne zai yi shi ba, idon da ya riga ya karanta abu sau uku abin da yake zato yake gani. A ba wani ya karanta, kuma ya fara da kanu da sunaye da lambobi kafin ya shiga cikin labarin.

Ɗalibar jarida: In sha Allah. Saura jimlar farko ta labari da muke cewa lid ko intro, wasu a ajinmu suna cewa mabuɗi wasu gabatarwa, ni gabatarwa ba ta kwanta min ba don ita ce ke sa ɗalibai su fara da share fage maimakon su faɗi abin da ya faru. Baba ku me kuke kiranta a teburinku?