Neman shawara: hoton motocin da nake ɗauka ba ya fita, ga kawu ya ce in goge ƙarzuwa

Mai tambaya, daga Garwa, arewacin Kamaru:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hoto. Kawuna yana sayar da motoci na hannu a nan Garwa, galibi waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala a hauro da su arewa. Ciniki nasa ne, ni nawa in ɗauki hoto in sa a WhatsApp da Facebook. Wayata Tecno ce, ba ni da kyamara. Ko ba don aikin ba ma ina son hoton mota, ina so in iya.

Akwai farar Hilux, duk hoton da na yi mata fari yake fitowa fat, ko layin ƙofa ba a gani. Baƙar Corolla kuwa, ni ne nake fitowa a jikin ƙofarta riƙe da waya, ga katangar maƙwabta a bayana. Ga hunturu ya shigo, hazo ya mayar da komai toka-toka.

Abin da ya fi damuna shi ne na biyu. Corollar tana da ƙarzuwa a ƙofar baya ta dama, kimanin taƙi ɗaya, da 'yar lotsawa a bamba. Kawu ya ga abokina ya goge wayar lantarki daga hoto da manhajar gyaran hoto ta Snapseed, sai ya ce to wannan ma a goge masa. Abokin ya ce kowa haka yake yi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban san inda gyara ya tsaya algus ya fara ba. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Mai ɗaukar hoton biki, daga Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wayarka ba ta da laifi, na rantse da tsakar rana kake ɗauka. A ƙasarmu rana tana tsayawa a kan kai, ta daki rufin mota da bonet, gefen ya zauna cikin inuwa. Wayar sai ta rasa wanda za ta bi. Ka fita da hantsi kafin ƙarfe takwas, ko ka bari sai la'asar sakaliya, daga ƙarfe biyar. Amma ka shirya tun da wuri, don nan rana wajen ƙarfe shida take faɗuwa, kuma ba ta jira, da ta taɓa ƙasa duhu ya shigo.

Hazon da kake kuka da shi kuwa, a wajen baƙar mota alheri ne. Yana tausasa rana, ya hana wannan ƙyallin da ke soke ido. Baƙin fenti duk abin da ke gabansa yake nunawa, shi ya sa kake ganin kanka da katanga. Ka kai ta fili inda babu gini, sai ta nuna sama kawai, jikinta ya fito sumul. Kada ka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya. Mu nan Marwa titunanmu duk ita ce, kuma na san yadda take yi: rana ta ratso ganye, mota ta fito dabbare-dabbare, mai kallo ya ɗauka fenti ne ya kwaile. Ko inuwa cikakka ta gefen babban gini, ko fili. Ban da tsaka-tsaki.

Sai tsayuwa. Kada ka matsa kusa. Kyamarar waya mai faɗin gani ce, in ka matso sai gaban motar ya kumbura, bayanta ya tsuke. Wannan maɓallin 0.5 na ƙara faɗin hoto ma ka manta da shi. Ja da baya taku takwas zuwa goma, ka danna 2x, ka durƙusa har wayar ta zo daidai da fitilar gaba. Ka tsaya ta kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare, a murɗa sitiyari kaɗan domin fuskar ƙafar gaba ta kalle ka, ba robar taya ba. In wayar ba ta da kyamarar nesa ta daban, 2x ɗin yanko hoton kawai take yi, to kada ka wuce nan, kuma sai da haske sosai.

Farar Hilux: taɓa jikin motar a fuskar waya, alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa har layin ƙofa ya dawo. Hoton da ya ɗan yi duhu ana tayar da shi daga baya. Wanda ya ƙone fari, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Yaron wankin mota, Garwa:

Yaya, kafin duk wannan ka goge gilashin kyamarar da gefen riga. Rabin hazon da ke hoton mutane maiƙon yatsa ne. Kuma a hunturu in an wanke mota ka ɗauka nan take, kafin ka je ka dawo ƙura ta sake kwanciya. In ta kwanta kada ka share da busasshen tsumma, baƙin fenti zane yake yi. Jiƙa shi.

Wata 'yar kasuwa, daga Ngaundere:

Ɗana, ni ban san komai a hoto ba, amma na san zafin abin da kawunka yake so ka yi. An taɓa turo mana hoton mota daga wani gari, ja ce mai sheƙi, ko tabo babu. Maigidana ya bar shago, ya biya kuɗin mota, ya kwana a hanya. Da ya isa ya tarar rufin ya ƙoɗe, ƙofa ɗaya launinta daban. Dillalin ya ce ai hasken waya ne. Bai saya ba, ya dawo, kuma har yau duk wanda ya ambaci sunan mutumin a gabansa sai ya ba shi labari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai saye ba hoto zai tuƙa ba, dole ya zo ya tsaya a gaban motar. Da an nuna mana ƙoɗewar tun farko, wataƙila da mun nemi ragi mun saya, don injin lafiyarsa lau.

Ɗalibi a jami'ar Marwa:

Hajiya ta yi gaskiya, amma kada a tsorata shi da gyaran hoto baki ɗaya. Babu hoton waya da ba gyararre ba. Kafin ka gan shi wayar da kanta ta riga ta ƙara launi, ta ƙara kaifi, ta haɗa haske. Sau da yawa ma ita ke yin ƙaryar, kai ne za ka mayar da shi kan gaskiya. Ka duba in akwai gyaran fuska ko ƙarin launi na kai tsaye a kunne, ka kashe.

Ga yadda nake yi a Snapseed, kyauta ce, ta Google ce. Da farko in miƙe hoton, don mota a karkace tana ɓata komai. In yanke shara da ƙafafun mutane na gefe. Sai launi: ƙurar hunturu tana sa hoto ya yi rawaya-rawaya, sai in sanyaya shi kaɗan har fari ya zama fari, taya ta zama baƙa. Sannan in rage hasken wuraren da suka yi ƙyalli, in ɗaga na inuwa yadda za a ga gindin mota da cikin taya. Shi ke nan. A manhajar Lightroom akwai wajen rage hazo, yana aiki, amma ɗan kaɗan. In ka cika hannu sama za ta yi datti, fenti ya yi duhun da ba nasa ba. Wajen ƙara ƙarfin launi kuwa, nan ne mutane ke lalacewa. Ja ya zama kamar an zuba masa wuta, lambar mota mai ruwan lemo ta koma ja.

Gwajin da ba ya kuskure: ka gama gyara, ka je ka tsaya gefen motar da wayar a hannu. In launin da ke waya shi ne na gabanka, ka tura.

Inda na ɗan saba wa wasu shi ne, in hoton sha'awa ne, motarka ce ko ta aboki, ka ajiye ta da dutsen Mindif na kusa da Marwa a bayanta don ka burge mutane, to goge abin da ka ga dama. Wayar lantarki, leda, har ƙarzuwar ma. Ba wanda zai fitar da sefa ɗaya a kan wannan hoton.

Mai gyaran jikin mota da fenti, Garwa:

Ni a garejina motocin da aka saya ta hoto nake gani kullum, don haka bari in faɗa maka abin da mai saye na gaske yake nema. Hoton kusurwa mai kyau guda ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Daga nan so yake ya ga gefe biyu a miƙe, gaba, baya, kujeru, allon gaban direba da inji a kunne don a ga kilomita da fitilun gargaɗi, cikin bonet, but, da ƙarƙashi in za ka iya kwanciya. Motar da ta fito daga Turai ƙarƙashinta ake fara dubawa, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Ka ɗauki gefen taya ma. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wanda ya san mota in ya ga ka nuna masa wannan, ya san ba yaro yake magana da shi ba.

Ƙarzuwar kuma, ka ɗauke ta kusa, ka ajiye makullin mota a gefenta don a ga girmanta. Abin da mutane ba su gane ba, ƙarzuwar da aka nuna ƙarama take zama, wadda mai saye ya gano da kansa kuwa sai ya fara tunanin hatsari aka yi aka ɓoye. Ka sa farce a kai. In farcen bai maƙale ba, saman fentin ne kawai, sau da yawa goge ta da man sheƙi yana fitar da ita. Ka ga an goge ta a motar ke nan, ba a waya ba.

Wani malami, daga Garwa:

Abin da ya hana zuciyarka kwanciya shi ne daidai. Hadisi ne sananne a Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Gyara haske don a ga motar da kyau babu laifi, kamar wanke ta ne. Cire aibin da zai sauya farashi ko ya sauya ra'ayin mai saye, wannan ɓoye aibi ne, ko da hannu aka yi ko da waya. Kuma cewa kowa yana yi ba ya halatta shi. Allah Ya sa albarka a kasuwar.

Direban babbar mota, Kuseri zuwa Njamena:

Kowa ya yi maganar haske, ba wanda ya yi maganar wuri. Ɗan'uwa, ka kula inda kake ɗaga waya. Gada, filin jirgin sama, bariki, shingen jandarma, ginin gwamnati, duk ka nisance su, ko a bayan mota ne suka fito. Na san gadar Binuwai da yamma tana da kyau, amma kyan ba zai fitar da kai ba in aka riƙe ka. Mu a gadar Ngeli ta kan iyakar Chadi ko kiran waya sai mun duba gabas da yamma. Bakin kogi ma in za ka je, Corolla ba ta yashi ba ce.

Lambar mota kuma ka rufe ta kafin ka sa a Facebook, akwai 'yan damfara da ke kwashe hotunan mutane su ce motarsu ce suna sayarwa. Wannan gyaran ba wanda zai ce algus ne. In kana so ka bar haruffan farko, NO ko LT, masu nuna yankin da aka yi wa motar rajista, ka rufe sauran. Fuskokin mutanen da ke wucewa ma haka.

Ɗalibin ya ƙara:

Na manta. WhatsApp yana matse hoto, duk wahalarka ta tafi a banza. Tun 2023 suka sa alamar HD a sama in za ka tura, ka danna ta. In mai saye da gaske yake, tura masa a matsayin fayil, zai isa yadda yake, sai dai ya fi cin data.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kai Corollar fili da yamma, na ja baya na durƙusa kamar yadda Yaya na Marwa ya ce, ban ƙara ganin kaina a ƙofa ba. Na gwada farce, bai maƙale ba sai a ƙarshen ƙarzuwar wajen hannun ƙofa. Saura kawu. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, ba zan iya tsayawa in ce masa abin da ya ce algus ne ba. Yaya zan yi?

Wani dattijo, tsohon dillalin mota, Garwa:

Yaro, ba kai za ka yi wa kawunka wa'azi ba, kuma kada ka yi maganar a gaban yaran shago. Bari sai ya ci abinci ya natsu. Ka nuna masa sababbin hotunan tukuna, ya ga motar ta yi kyau ba tare da an goge komai ba. Sannan ka ce, Kawu, mai fenti ya ce wannan ƙarzuwar goge ta zai fitar da mafi yawanta, in kai masa gobe? Ɗan kasuwa ne, lissafi zai yi, zai ga kuɗin gogewa bai kai ragin da mai saye zai nema ba in ya zo ya gani da idonsa. Lotsawar bamba kuwa ka ce masa masu saye daga nesa sun fi amsa waya in an nuna musu irin wannan, ka roƙe shi ya bar ka ka gwada a wannan motar kaɗai. In ya ƙi, ka dawo nan ka faɗa, akwai sa'o'insa a cikinmu da za su yi masa magana.