Shawarwari kan ƙera manhajar tattara ra'ayoyi a rukuni

Abin da masana suka fi nanatawa shi ne a raba lokacin kawo ra'ayi da lokacin tantance shi. Idan aka haɗa su, mai ƙarfin murya ne ke jan zaman, saura su yi shiru. Don haka a zagayen farko kowa ya rubuta nasa ba suna, ba ganin na wani. Tsarin 6-3-5 na Bernd Rohrbach ya dace sosai: mutum 6, kowa ya rubuta ra'ayi 3 cikin minti 5, sannan katunansa su wuce ga na gaba ya ɗora. Zagaye 6 kan ba da ra'ayi 108 cikin minti 30.

Kowane kati ya ɗauki ra'ayi ɗaya tak, da gurbin liƙa madogara. In babu wannan, bayan mako guda ba wanda zai tuna inda wani adadi ya fito.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gyara a lokaci guda: mutum biyu su taɓa kati ɗaya, rubutun na ƙarshe ya shafe na farko. An ba da shawarar amfani da CRDT, wato tsarin adana bayanai da mutane da yawa za su iya gyarawa tare ba tare da gyaran wani ya ɓace ba, ta hanyar kayan aiki kamar Yjs ko Automerge, masu haɗa gyare-gyare har da waɗanda aka yi intanet na katse. A kuma adana tarihin kowane canji.

Wajen zaɓe, a ba kowa ƙuri'a 3 zuwa 5, a ɓoye sakamako sai an rufe, kada a bi yarima a sha kiɗa. Katunan da suka yi kama manhaja ta jera su wuri ɗaya, amma gogewa a bar wa mutum.