Likita ya ce dasashina ya rabu da haƙora, yana komawa ya manne?

Maman biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina da cikin autana dasashina ke jini in na goge baki. Aka ce in na haihu zai daina, na haihu har na yaye, shiru. Bara aka yi min wankin haƙori, tun daga nan rata ta fito tsakanin haƙoran ƙasa, ruwan sanyi ma ya gagare ni. Jiya wani likitan ya zura siririn ƙarfe mai zane-zane, ya ce milimita 5, wani wurin 6, wai a sake wankewa har ƙarƙashin dasashi. Wallahi na kasa barci. Ba wankin farko ne ya ɓanɓare min naman ba?

Malam ɗalibin likitanci: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ba wankin ba ne. Bakin dasashi dama ba a manne yake ba, akwai ɗan kwarmi tsakaninsa da haƙori, milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. A gindin kwarmin ne wata siririyar fata ke liƙe da haƙorin, ƙasa da ita kuma zaruruwa ne da ido ba ya gani, wasu sun ɗaure dasashin da saiwar haƙori, wasu sun ɗaure saiwar da ƙashi. Dattin da ya daskare yana tara ƙwayoyin cuta, kumburi ya cinye zaruruwan, fatar ta zame ƙasa, kwarmin ya ƙara zurfi. Ratar da kika gani dattin da kumburin ne suka rufe ta.

Anti: Ƙanwata kar ki yarda. Ni ma haka aka yi min, likitan ko kallon fuskata bai yi ba, yau haƙorina ɗaya girgiɗi yake. Ki riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi.

Malam ɗalibin likitanci: Anti, ruwan gishiri ba ya kaiwa milimita 6, burushi ma haka. In an kankare saiwar, siririyar fatar nan na sake liƙewa, don tana da saurin sabuntuwa. Ƙashin da ya zaizaye ne ba ya dawowa da kansa. Hajiya, an yi miki hoton haƙoran? An gwada sukarinki? Ciwon suga na ƙara wa abin ƙarfi.

Baban yara: Ni dai cirewa na yi na huta. Matata ce ma har yau take min mita.

Maman biyu: Malam, sau biyu nake goge baki kullum, ba ƙazanta ba ce. Kuma kafin wankin nan ina shan ruwan sanyi lafiya lau. Zan fara gwada na Anti tukuna.

Malam ɗalibin likitanci: Ban ce ƙazanta ba ce, Hajiya. Hoton fa?

Anti: Ka bar ta ta gwada mana. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata.