Wa ke ƙiyasta rarar CPU da Mesos ke bayarwa aro?

Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina kula da na'urori a ƙarƙashin Apache Mesos, manhajar da ke raba wa ayyuka ƙarfin na'urori, kowace na'ura da CPU 32. A rubuce duk an rabar da su, amma da daddare ko sulusi ba a ci. Abin yana damuna: ayyukan lissafi na jiran layi, ga kuma ƙarfi kwance. Na san tun sigar 0.23 ta 2015 ana iya ara wa wani aiki rarar, a ƙwace idan mai ita ya taso. To wa ke cewa ga yawan rarar, kuma da me yake aunawa?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malama. Akwai wani sashe a kan kowace na'ura mai suna Resource Estimator, shi ke da wannan aikin. Wanda ke zuwa tun asali ba ya bayar da komai. Mafi sauƙi shi ne FixedResourceEstimator: ki ba shi adadi, a ce 8, shi kuma ya riƙa cire abin da aka riga aka ara. Duk daƙiƙa 15 ake sabunta lissafin. Sai kuma manhajar da ke karɓar ayyukan ta nuna tana da REVOCABLE_RESOURCES, wato alamar ta yarda da aron da za a iya ƙwacewa, in ba haka ba ko tayi ba za a yi mata ba.

Hauwa:
'Yar'uwa, wannan adadin hasashenki ne kawai, ba awo ba. Awo na gaskiya daga cgroups (sashen Linux da ke ƙididdige abin da kowane aiki ya ci) ake ɗaukarsa: abin da aka ware, a debe abin da aka ci. Amma don Allah kar ki dogara da matsakaici, domin aikin da ke barci yakan farka farat ɗaya. A Borg, tsarin Google mai kama da Mesos, sai an jira daƙiƙa 300 bayan aiki ya fara kafin a fara sauke ƙiyasin abin da yake buƙata a hankali, a bar rata, amma da zarar amfani ya haura nan take ake ɗaga shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cunkoson ma'adanar wucin gadi (cache) da ke jikin CPU: ba ya fitowa a wannan lissafin, sai dai ki ga babban aikinki yana jan ƙafa. Ki saka LoadQoSController, yana korar masu aro idan matsakaicin nauyin na'urar na minti 5 ko 15 ya wuce iyakar da kika sa.

Sadiya:
Na gode. Zan fara da 4 a na'ura ɗaya, ina duba jinkirin amsawa. Yaya Hauwa, a kan CPU 32 wace iyaka kike sa wa na minti 5?