Murya na tsinkewa a wayar SIP idan ana ɗora hotuna

Ɗan_Koyo: Assalamu alaikum. Layin intanet na gida ne, saukewa megabit 20, ɗorawa megabit 2. Rauta mai manhajar OpenWrt ce katangar tsaro, wayar SIP (wayar kira ta intanet) kuma a kan kebul take. Da zarar wani ya fara ɗora hotuna, wanda nake magana da shi sai ya ji muryata tana tsinkewa, ni kuwa ina jin sa ras. Na ba ƙofa (port) 5060 fifiko amma shiru kake ji. Ina kuskuren yake?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Ƙofa 5060 ta ƙulla kira ce kawai da katse shi. Ita muryar ta RTP (tsarin ɗaukar sauti) take bi a kan UDP (wata hanyar aika fakiti), a ƙofofin da ke sauyawa kowane kira, sau da yawa tsakanin 10000 da 20000. Maimakon bin ƙofofi, ka ba wayar adireshin IP tsayayye, ka sa doka duk UDP da ya fito daga gare ta a yi masa alamar fifiko ta DSCP 46, wato EF.

Amma alama kaɗai ba ta magani. Kira ɗaya da tsarin murya na G.711 bai kai kilobit 90 ba, saboda haka ba ƙarancin gudu ke damunka ba, dogon layin jira ne. Fakitocin hotuna na taruwa a cikin modem, ƙaramin fakitin murya da ke fita kowane milisakan 20 ya tsaya a bayansu. Modem kuwa ba ruwanta da dokarka. Dole layin jiran ya dawo cikin rauta: saka luci-app-sqm (manhajar SQM mai tsara layin jira), zaɓi cake (tsarin jera fakiti) da layer_cake.qos a kan mahaɗin WAN, wato wanda ke zuwa modem, ka rage gudu zuwa kashi 90 na abin da ka auna da kanka, ba wanda ke kan takardar kamfani ba. A naka, wajen kilobit 1800 ɗorawa, 18000 saukewa.

Hajiya_Kebul: Ƙari kan bayanin Injiniya: ka kashe flow offloading (gajeriyar hanyar wuce da fakiti a rauta), musamman na na'ura, don fakiti na iya kewaye SQM gaba ɗaya. Gwaji kuma mai sauƙi ne. Bar ping (ma'aunin jinkiri) yana tafiya, ka ɗora babban fayil. In ya tashi daga milisakan 20 zuwa ɗaruruwa, ƙara rage gudun ɗorawa kaɗan-kaɗan har ya lafa.

Ɗan_Koyo: Na gode, ping ya zauna. To ɓangaren saukewa fa?

Injiniya_B: Nan ikonka kaɗan ne, ɗan'uwa. Kamfanonin intanet da yawa suna goge alamar DSCP, fakitin ya iso maka babu ita. Abin da ke cetonka shi ne cake na fifita ƙananan hanyoyi marasa cunkoso irin na murya ko babu alama. In kuma wata rana ka ji murya ta ɓangare ɗaya kawai, wannan ba aikin fifiko ba ne, ka fara duba SIP ALG (saitin da ke sauya saƙonnin SIP) a modem ka kashe shi.