Highlander za ta iya jan ƙaramar tirelar kwana zuwa Tennessee?

Baban Yara, Columbus:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Ina da Toyota Highlander 2018 mai injin V6, kuma akwai wata ƙaramar tirela ta kwana da nake son saya na hannu, irin mai gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, so nake idan yara sun samu hutu mu tafi duwatsun Smoky Mountains na jihar Tennessee a nan Amurka da ita don kuɗin otal ya ishe ni wlh. Mai sayarwan ya ce nauyinta fam 3,600 ne, littafin motata kuma ya ce za ta ja 5,000, to ni a lissafina ai akwai rara sosai. Amma uwargida ta ce sam ba za ta shiga ba sai na tambayi waɗanda suka sani. Mu biyar ne, ni da ita da yara uku. Me zan duba?

Dogon Zango:
Wa alaikumus salam. Malam ka gode wa madam, ta fi ka gaskiya a nan. Ni babbar mota nake tuƙawa a ƙasar nan kuma duk bazara sai na ga irin jif ɗin nan a gefen titi bayanta ya zauna ƙasa hancinta ya ɗaga sama.

Wannan 3,600 da ya faɗa maka nauyinta ne babu komai a ciki, ba ruwa ba gas ba batir ba tukwanen madam ba buhun shinkafa. Je ka duba jikin tirelar ta gefen hagu wajen gaba akwai takarda manne, nemi inda aka rubuta GVWR, shi ne iyakar nauyinta da kaya, da shi za ka yi lissafi. Ruwa kaɗai galan ɗaya ya haura fam 8, ka cika tanki mai galan 30 ka ƙara kusan fam 250 kenan ba ka saka ko cokali ba.

Amma ma ba 5,000 ɗin ne zai fara kama ka ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai sitika mai launin ɗorawa da ta faɗi nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, wannan lambar ce ke yanke hukunci. Saboda tirela tana danna bayan mota a wajen mahaɗa da kashi 10 zuwa 15 na nauyinta, kuma wannan dannawar a kan motarka ake ƙirga ta kamar ka ɗauki ƙarin fasinja. Misali a ce sitika ta ce 1,300, tirela da kaya ta kai 4,400, to wajen fam 530 ya hau bayan motar, ku biyar a ce 650, ƙarfen jan shi kansa yana da nauyi, ka ga abin da ya rage bai kai kula ɗaya ta abinci da jakar kaya ba. Idan ka saya, ka loda ta yadda za ku tafi da kowa a ciki, ka je CAT Scale a inda manyan motoci ke shan mai ka hau sikeli, kuɗin ba yawa.

Bakanike Ɗan Kofar Ruwa:
Ni ina Kano ban taɓa jan ɗakin kwana ba amma Highlander kam na buɗe cikinta ba adadi. Injin ba zai ba ka matsala ba, giyabos ne abin tausayi, zafi ke kashe shi. Ka canza man giya kafin tafiya in ya daɗe, a duba ruwan lagireto da birki gaba da baya. A hawa kada ka bar ta tana ta canza giya sama da ƙasa da kanta, ka mayar da sandar giya kan harafin S ka riƙe giya ɗaya. Gangara kuma da giya ake sauka ba da birki ba, in ka ɗora ƙafa a birki tun daga saman dutse kafin ka kai ƙasa za ka ji ƙauri kuma ka taka ka ji ba komai. Allah ya kiyaye.

Maman Biyu:
Baban Yara mu mun yi da jif ɗin Honda Pilot, kuma gaskiya ni ban yarda da Dogon Zango cewa abin ya kai haka tsoro ba, ana yi lafiya lau in tirelar ba ta yi tsawo ba. Abin da dai ba zan manta ba shi ne ranar da wata babbar mota ta wuce mu a guje, iskar ta tura mu, ina kallon madubi na ga tirelar tana kaɗa wutsiya hagu da dama, yara suka yi tsit. Ashe kekunan yara da jarkokin ruwa duk a can ƙarshen baya aka jibge su. Da muka dawo da kaya masu nauyi gaban taya, a ƙasa ba cikin kabad na sama ba, shikenan ta nutsu. Kuma ku sayi madubin ƙari da ake maƙalawa, na motar ba ya nuna bayan tirela.

Dogon Zango:
Hajiya ai maganarmu ɗaya ce, ban ce kar ya ja ba, cewa na yi ya auna. Tunda kin kawo maganar kaɗawa, Malam ka riƙe wannan: in ta fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi kuma kada ka yi ta kokawa da sitiyari, ka riƙe shi a miƙe ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai ka matsa birkin tirelar kaɗai da hannu a jikin na'urar birki, wato wadda ake ɗaurawa a cikin mota don sarrafa birkin tirela. Wannan na'urar dole ka sa a ɗaura maka ita da soket mai baki 7, littafin Toyota ma ya ce tirelar da ta wuce fam 1,000 sai da birkinta. Sarƙoƙi biyun nan ka gicciya su a ƙarƙashin mahaɗa, in ta ɓalle su tare ta kafin ta daki kwalta. Gudu kar ka wuce mil 65, ni da zan ba ka shawara ma 60, bari su yi ta wuce ka. Tunda ta hannu ce duba shekarar tayoyinta, lamba huɗu ta ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya ita ce sati da shekarar da aka ƙera ta, tayar tirela tana ruɓewa a tsaye ko da zanenta bai cinye ba.

Baban Yara, Columbus:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yanzu na fita na duba sitikar, 1,340 ta ce, na kuma sa mutumin ya turo min hoton takardar tirelar, GVWR ɗinta 4,700 ne. Na buga lissafin sau biyu, ya matse da yawa in aka haɗa mu da kaya. Akwai wata mai guntun jiki da na gani GVWR 3,500, ba ta da banɗaki sai dai a yi amfani da na sansanin, gobe in sha Allah zan je in gan ta. Dogon Zango, ita wannan na'urar birkin a ina ake ɗaurawa, dila zan je ko shagon tirela ya isa?